Mobilet ɗin Tsohon Summerfield

A shekarata ta biyu a Greensboro na sami aikin kula da wani tsoho a Summerfield, wani ƙaramin gari da ke kusa. Mutumin Hungary ne, ƙafafunsa sun daina aiki, amma hankalinsa garau. A garejinsa akwai ƙaramin babur mai feda, irin wanda muke ce wa mobilet a Maraɗi.

In na gama ba shi abinci sai ya sa in tura shi a keken guragu zuwa garejin. Nan ya ba ni tarihin abin. Masana'antar da ta ƙera shi a wani kwari take a ƙasarsu, da can kayan yaƙi ake yi a cikinta. Yana saurayi shi ke ɗaura wa baburan ƙafafu. Manoma suka hau, ma'aikata suka hau, kowa yana so. Ba a daɗe ba umarni ya zo daga sama cewa wata ƙasa maƙwabciya ce za ta riƙa yin su, su kuma su koma yin injin firji. Wannan na garejin na ƙaninsa ne, bayan ya rasu aka aiko masa a jirgin ruwa. Ya daɗe ba ya tashi, burinsa ya sake jin ƙarar injin ko sau ɗaya.

Ni na kawo masa yayana, ɗan wan babana, bakanike a McLeansville. Gida ɗaya muka tashi. Na ce wa tsohon in dai amana ce, ya kwantar da hankalinsa. Yaya ya duba, ya ce sai dai a shagonsa, mako biyu.

Wata uku ana ce mini ana jiran kayan gyara. Wata ranar Asabar na tafi da kaina. Babu babur. Wai wani mai tara tsofaffin babura ya gani ya nace, Yaya kuma ya sayar masa.

"Yaya, da bakina na ce masa kai mai amana ne."

Yana ƙarƙashin mota, bai ko fito ba. "Ke ma dai, ƙanwata. Tsohon da ba ya iya tsayuwa, me zai yi da moto?"

Da na gaya wa tsohon, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. 'Yarsa ta so kiran 'yan sanda, ya hana, ya ce abin zai shafe ni. Amma a makon ta sa aka canza ni da wata mai kula.

Na kai ƙara wajen manyan mutanenmu da ke zaune a nan. Suka ce in yi haƙuri, kada in tona asirin gida a ƙasar mutane. Har yanzu muna haɗuwa da Yaya a wajen suna. Yakan gaishe ni da fara'a, ni kuma in amsa.