Gidan Hajiya Rabi da Baƙin Kwana Biyu

Har gobe ba zan manta da ranar da Darakta ya kira ni ofishinsa ba. Ko zama ban yi ba ya jefo mini tambaya.

"Malam Habu, mene ne bambancin otal da gida?"

Na yi dariya, a zatona raha yake yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, otal yana da allo a ƙofa da mai karɓar baƙi." Bai yi dariya ba. Ya turo mini fayil ya ce mutanen wani layi sun kawo ƙara cewa an buɗe musu otal a tsakiyar gidajen aure, in je in gani da idona.

A lokacin ina babban jami'i a sashen sa ido kan gine-gine, a ofishin tsara gari, nan Dutse. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kun san tsarin, amma bari in faɗa saboda waɗanda ba 'yan gida ba. Kowane fuloti da gwamnati ta yanka akwai abin da aka yanka shi dominsa, ko zama, ko kasuwanci, ko makaranta. Wanda yake so ya mayar da gidan zama otal ko asibiti sai ya nemi izini. In bai nema ba, mu je mu duba, mu ba shi notis. In ya yi kunnen ƙashi a sa masa jan fenti a bango, daga nan kuma sai kotu da kwaɗo a ƙofa. Na daɗe ina wannan aiki, kuma ban taɓa zuwa wuri na dawo ban san abin da na gani ba, sai a wannan karon.

Da damina ne. Na isa layin da hantsi, wata sabuwar unguwa ce a kan hanyar Kiyawa, yawanci gidajen ma'aikata da 'yan fansho. Gidan da ake magana yana da koren get, ba allo, ba maigadi. Na ƙwanƙwasa, shiru. A jikin bango sai na ga wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambobi. Ina tsaye ina jujjuya shi sai mai shagon da ke kallon gidan, wani Sale, ya taso.

"Yallaɓai, makullin yana ciki. Baƙo ya biya ta waya, a turo masa lamba, ya buɗe ya shiga."

"To wa ke karɓar baƙin?"

"Waya."

"Mai gidan fa?"

"Tana Kiyawa. Ɗanta ne ke kula da shi, shi kuma yana Kano."

Na tsaya ina kallon akwatin. Otal ba ma'aikaci, gidan haya ba ɗan haya, mai gida ba ta gari. Ban san ma wa zan yi wa sallama ba.

Wanda ya jagoranci ƙarar shi ne Malam Isyaku, tsohon hedimasta, bango ɗaya ne tsakaninsa da gidan. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya fara da cewa taswirar da ke cikin wayar baƙin ƙofarsa take nunawa, ba koren get ba. Wata rana wasu samari ɗauke da jakunkuna suka tura ƙofa suka shiga har tsakar gida, iyalinsa tana wanki, suna tambayarta wane ɗaki ne mai na'urar sanyi.

"Rabin rayuwata ina koya wa 'ya'yan mutane sallama," in ji shi. "Yau ga ƙarti a tsakar gidana, wai waya ce ta ce su shigo."

Sauran maƙwabta kowa da tasa. Wani Alhaji Uba, ɗan kasuwa, ya ce motocin baƙi suna tare masa hanya, har yakan rasa sahun farko a masallaci. Wani ya ce ruwan gidan yana kwarara bakin ƙofarsa. Wani kuma ya rage murya ya ce ana kawo matan banza. Na ce ya gani? Ya ce bai gani ba, amma ai ba a sani ba. Sale mai shago shi kaɗai ya ce a bar gidan, baƙin mutanen kirki ne, 'yan taron bita ne da 'yan biki da masu jinya. Da zan tafi ya raka ni mota, ya ce mini a kunne ai shi kansa Malam Isyaku a gidan ya sauke surukansa na Haɗeja lokacin bikin ɗansa.

Na koma na tambayi Malam Isyaku. Bai musa ba, bai kuma ji kunya ba.

"Ai su na san su," ya ce.

Washegari na tafi Kiyawa wajen mai gidan, Hajiya Rabi. Dattijuwa ce, mijinta ma'aikacin gwamnati ne, ya gina gidan da kuɗin sallamarsa, bai shekara a ciki ba ya rasu. Ta ce ta taɓa zuba 'yan haya, suka lalata gidan, suka ƙi tashi, sai da aka yi ta kai ruwa rana. Shi ne ɗanta Nura ya kawo wannan dabara. Da abin da gidan ke kawowa take riƙe marayun jikokinta, da 'yarta da ke karatu a Kafin Hausa.

Na yi mata bayanin doka dalla-dalla. Ta saurara, sannan ta ce, "Ɗan nan, ni ban san otal ba. Amma in na ba mutum haya shekara guda, laifi ne?"

Na ce a'a, Hajiya.

"Wata guda fa?"

"Ba laifi."

"Sati?"

Na shiga jujjuya fayil ɗin da ke hannuna.

"To ka faɗa mini daga kwana nawa yake zama laifi, in gaya wa Nura ya kiyaye."

Wallahi ba gatse take yi ba, da gaske take tambaya, tana jiran amsa. Na ce zan bincika. Na dawo ofis na je wajen lauyanmu, ya ce otal sai da wurin karɓar baƙi da abinci, wannan ba otal ba ne. Na je wajen 'yan haraji, suka ce kasuwanci ne tsagwaronsa. 'Yan duba-gari suka ce su dai a gyara kwata. Na kwashe duk wannan na kai wa Darakta. Ya dafe kai. Ashe shi ma ana ta kiransa daga sama, domin ɗaya daga cikin maƙwabtan yana da ɗan'uwa babba.

"Ka kai notis, ka sa jan fenti," ya ce. "In da magana, kotu ta warware."

Ranar Alhamis bayan azahar na ɗauki notis da gwangwanin fenti, direba ya kai ni. Tun daga bakin layin muka ga ba hanya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Isyaku, mutane sun taru. Na ɗauka shi ne ya rasu. Sai ga shi ya fito daga koren get, hannun riga a naɗe, idonsa ja wur.

Sale ne ya ba ni labari. Wani dattijo manomi daga wajen Buji, Malam Ɗanjuma, shi ne a gidan tare da matarsa da babban ɗansa Musa. Ciwon ƙoda yake fama da shi, ana kai shi asibiti a kai a kai, hanyar ƙauyensu kuma ruwa ya cinye ta, shi ya sa suka kama gidan. Sun kusa sati biyu a ciki, ba wanda ya sani a layin. Da safiyar nan Musa ya fita neman magani, dattijon ya cika. Matar ta fito a gigice ba ko mayafi, ta faɗa ƙofar da ta fi kusa, ƙofar Malam Isyaku. Iyalinsa ce ta rungume ta. Shi da liman suka yi wa mamacin wanka. Alhaji Uba, mai kukan motoci, shi ya kawo likkafani, kuma motarsa za a ɗauka zuwa maƙabarta.

Na shiga sahu aka yi salla, notis yana aljihuna. Bayan an dawo na durƙusa na yi wa Musa gaisuwa. Wani ya ce masa ai wannan daga ofishin gwamnati yake. Sai Musa ya riƙe hannuna da hannu biyu yana hawaye.

"Har gwamnati ta turo wakili? Allah ya saka da alheri, yallaɓai. Baba talaka ne, bai taɓa zaton haka ba."

Na ce amin, Allah ya ji ƙansa. Na koma mota na zauna, direba ya tambaye ni ko ya sauko da fentin. Na ce ya ja mu tafi.

A hanya na ce a raina shi ke nan, magana ta mutu. Mutanen da suka yi wa baƙo irin wannan hidima ba za su sake cewa a rufe gidan ba. Haka na gaya wa Darakta, ya ce to a kira zama a janye ƙarar a hukumance, shi ma ya huta.

Bayan sadakar uku muka zauna a zauren mai unguwa. Hajiya Rabi ta zo daga Kiyawa, ta zauna daga gefe. Abin da na tarar a wurin ya ƙara ɗaure mini kai. Alhaji Uba, wanda a da ya fi kowa zafi, ya ce shi ya janye. Ba don gidan ba, ina waɗannan bayin Allah za su kwana da mara lafiya, a barandar asibiti? Sale, wanda a da yake kare gidan, ya ce shi yanzu tsoro yake ji, in da dattijon shi kaɗai ne fa, sai wari ya sanar da mu? Kowa ya koma inda ɗan'uwansa ya bari. Na duba takardar da na rubuta ra'ayoyinsu a zuwan farko, ba abin da ya rage daidai a cikinta.

Malam Isyaku ne ya yi magana a ƙarshe. Ya ce a rufe gidan, yau ma ya fi son a rufe shi fiye da jiya.

Na ce, "Malam, kai fa ka yi masa wanka."

"Shi ya sa," ya ce. "Mutum ya kwanta jinya, bango ɗaya tsakanina da shi. Ina jin tari, na ɗauka wani ɗan bita ne mura ta kama. Ban leƙa ba, ban kai masa ko kunu ba. Sunansa ma sai da na zo yi masa addu'a na tambaya. In Allah ya tambaye ni haƙƙin maƙwabci, in ce masa me? In ce ta waya ya shigo?"

Sai muka ji kukan Hajiya Rabi. Ta ce a gidan mijinta aka yi rasuwa, amma ita ce ƙarshen ji, sai da Nura ya bugo mata daga Kano bayan an binne. Ta ce in rufewar ce alheri a rufe, Allah ba zai hana marayu abinci ba. Nan take Alhaji Uba ya ce ba za a rufe ba. Malam Isyaku ya ce shi ba da Hajiya yake ba. Ni da aka turo in yanke magana, na zama ɗan kallo.

Mai unguwa ne ya tsinke zaren. Ya ce shi bai san dokar ofis ba, amma akwatin nan na ƙarfe a cire shi. Makulli ya koma hannun mutum a layin. Duk baƙon da ya zo ya yi sallama, a san sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Aka ce to hannun wa? Ido duk ya koma kan Malam Isyaku, tunda dama ƙofarsa wayar take kai mutane.

"Ni? Ni da na kai ƙara?"

Aka yi ta ba shi baki. Daga ƙarshe ya miƙa hannu ya karɓa, ya ce amma kowa ya shaida, riƙon ƙwarya ne kafin gwamnati ta rufe gidan.

Na rubuta rahoto na faɗi abin da na gani, na nemi a ba mu ƙa'ida daga sama kan irin waɗannan gidaje. Ba a daɗe ba aka canza wa Darakta wurin aiki. Amsa ba ta zo ba har yau, gidajen kuma sai ƙaruwa suke yi a Dutse, wasunku ma sun je irinsu.

Malam Isyaku bai janye ƙararsa ba. Lokaci zuwa lokaci yakan hau ɗan sahu ya zo ofis ya tambaye ni ina aka kwana. Zuwansa na baya-bayan nan ya zauna ya yi mini faɗa sosai, ya ce gwamnati ba ta da alƙawari. Yana cikin faɗan ya duba agogo ya miƙe, ya ce in yi haƙuri, akwai masu jinya da za su iso daga Haɗeja kafin la'asar, kuma ya bar iyalinsa tana tuƙa musu tuwo.

Ban san wanda ya fi gaskiya a layin nan ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa zan sani. Abin da na ɗauka dai shi ne, dokar da muke aiki da ita ta san fuloti, ta san bango, amma ba ta san maƙwabtaka ba. Mutum zai zo muku da kukan mota da kwata, alhali abin da ke cin ransa daban ne, wani lokaci shi kansa bai san sunansa ba. Saboda haka in aka tura ku, ku bar fenti a mota tukuna. Ku nemi tabarma ku zauna. In kun tashi kanku a ɗaure, kada ku ji kunyar rubuta haka a rahoto.