Gungumen Hular Baba

Babana wankin hula yake yi a ƙofar gidanmu a Zangon Kumasi, kuma duk sana'ar tasa a kan gungume ɗaya take tsaye. Ice ne mai siffar kan mutum, wanda kakanmu ya zo da shi daga Arewa cikin kayan fatauci. A kansa ake ɗora hula bayan an wanke an sa sitaci, a buga ta, ta bushe a tsaye. Akwai wasu gumagumai a gidan, amma Baba ya ce waɗannan na hular yara ne.

Sai gara ta shige shi. Kullum da safe sai mu ga gari a ƙarƙashinsa kamar an tankaɗe dawa. An kai wa masassaƙa a Aboabo, suka yi wani, Baba ya gwada hula ɗaya ya ajiye shi gefe. Ya ce ranar da tsohon ya farfashe, ranar zai naɗe tabarmarsa. Na san mutumina. In ya bar ƙofar gidan nan, ɗaki zai shige, ba kuwa zai daɗe ba.

Ni a ɗakin karatu na jami'a nake aiki. A bayanmu akwai wani ɗakin ƙere-ƙere inda injuna ke sassaƙa abin da aka zana musu a kwamfuta, kuma ɗalibi da ma'aikaci duk ana barinsu su shiga. Da ma nakan leƙa lokacin hutun rana, saboda ni dai ba a yin abu a gabana in kasa sa hannu, har na koyi sarrafa injin. Na ce wa Baba ya ba ni gungumen in kai.

"In ba ki? A turotoro, motar hayar nan?" Ya girgiza kai. "Tare za mu je."

Ya sa babbar rigarsa, ya naɗe icen a zane ya rungume shi tun daga Zango. Da muka isa ya ga tsabtar daɓen, sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ɗalibai suna ta kallo, ni kuwa ko a jikina. Mai kula da ɗakin, wani Ba'asante mai fara'a, ya ce masa akwaba, wato barka da zuwa, Baba ya zaro goro ya ba shi.

Na zagaya gungumen da na'urar ɗaukar siffa, ya fito a allon kwamfuta yana juyawa. Muka cike ramukan gara ɗaya bayan ɗaya. Sai mai kula da ɗakin ya nuna wani lotsi a gefen goshi, ya ce wannan ma a cike?

Na ce a bar shi. Tun ina rarrafe nake ganin Baba yana danna babban yatsansa a daidai nan idan zai karya gaban hula, kamar yadda ubansa ya yi. Ba gara ce ta ci wurin ba, yatsu ne.

Ni na ɗaura sabon icen a injin, ni na danna. Baba ya zauna a kujera yana jan carbi, idonsa bai bar bakin ƙarfen ba har aka gama.

A gida ya jiƙa hula, ya ɗora, ya fara bugu yana hira da maƙwabcinmu mai shayi. Yatsansa ya tafi da kansa ya faɗa cikin lotsin. Sai bugun ya tsaya. Ni kuma na juya ina gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Mai shayi ya ce, "Injin Turawan nan ya iya aiki pa."

"Wane inji?" in ji Baba. "'Yata ce ta sassaƙa."

Yayyena maza babu wanda ya gaji sana'ar, kuma Baba bai taɓa sa ni a lissafin magada ba. Ranar nan alfahari ya cika ni har wuya, ban kuwa ɓoye ba. Da yamma ya naɗe tsohon gungumen a zanensa, ya miƙo mini, ya ce in ajiye a ɗakina, shi yana da na aiki.