Wasa Uku da Inna Ta Kushe

Bayan hatsarin mota ya ɗauke Babana a hanyar Tsafe, aka kwashe mu daga Tudun Wada ta Gusau zuwa Bungudu, wurin mahaifiyarsa da muke kira Inna. Shekarata tara, Zamfara kuwa ba ta daɗe da zama jiha ba.

Babana ɗan wasan talabijin ne. Shi ke fitowa a Wuf, ɓarawon da wani sajan mai tumbi ke fafara kowane mako ba ya kamawa. Shi ne kuma ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ko ranar rasuwar ban ga hawayenta ba. Na yanke a raina cewa tsohuwar nan ba ta ƙaunarsa, ni ma na daina kulata.

Bayan magariba mukan kewaye murhu tana gasa mana gyaɗa a toka. Da jikoki sun ce a yi gizo, sai ta kauce, ta ɗauko zancen wasan nan na Babana da takan gani a gidanmu in ta zo Gusau. Ba yabo take yi ba, marasa kan gado take jerawa.

"Na ukku wajen lalacewa," in ji ta, "wanda ɓarawon ga yas saci rago, yaɓ ɓoye shi gidan sauro da ƙararrawa ga wuyan ragon. Wanga wauta har ina?"

Na biyu shi ne ranar da ya ɗaura zane ya shiga kasuwa tallar fura, gashin baki tsaye. Sai ta miƙe ta kwaikwayi rangwaɗarsa, yara su yi ta faɗuwa. Ni kaɗai nake haɗe rai. Na farkon kuwa kullum sai ta ce wuta ta mutu, a tashi.

Wata rana na kasa daurewa. Na ce, "Inna, mutum ya mutu ma ba za ki bar kushe shi ba? Faɗi na farkon mu huta."

Ta daɗe tana tona toka da kara.

"Wanda sajan yak kama shi, sau guda tak," ta ce. "Sunka kulle shi, yana ta kuka awa yaro, yana hwaɗin Inna, ku kirawo mani Innata. Gusau duk anka yi ta dariya. Shi kau yana zaune kusa gare ni muna kallon talabijin ɗin, yaj juyo yana dubana, ko in yi murmushi. Niy yi kamar ban ji ba, nit tashi nib bar ɗakin."

Ta ture gyaɗar da ta ƙone gefe.

"Wasan banza na. Yaro shi yi ta kira, ba a amsa mai ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ba ta ƙara ɗauko zancen wasan ba har ta koma ga Allah.

Sai da na haifi ɗan farina na gane irin abin da na yi. Kunya ta hana Inna kuka, ta hana ta faɗin sunan Babana, kushen nan kaɗai ya rage mata hanyar zama da ɗanta kowace yamma. Ni kuma da bakina na rufe mata ita. Har yau abin yana cina, kuma babu wanda zan roƙa gafara.