Zogalen Bayan Shagon Iya Bose

Cikin ranakun da na yi ina tuƙa motar Alhaji Sani, akwai wadda har yau ban manta da ita ba, kuma ina so ku sababbin direbobi ku ji ta.

Alhaji ɗan kasuwar kayan abinci ne a nan Sabo. Aikina shi ne in yi lodi da safe, in bi ƙauyukan Akinyele ina sauke wa masu ƙananan shaguna. Ƙa'idar ita ce, abin da mai shago ya saba ɗauka shi za ka kai masa. Abin kuwa bai wuce biskit da lemon kwalba da taliya ba, don su ne ba sa lalacewa.

A wani ƙauyen manoman rogo akwai wata dattijuwa Bayarabiya, Iya Bose, shagonta kaɗai ne a garin. Wata damina na iso na tarar da ita ta yi tagumi, ko kayan ba ta kalla ba. Ta ce matar ɗanta na da tsohon ciki, a asibiti an ce jininta ya yi ƙasa. Sun ba ta magani, sun ce ta riƙa cin wake da kifi da ganye.

"Malam Musa, dubi shagona," in ji ta. "Me zan ba ta a nan? Ruwa ya cinye hanya, in ba babbar mota irin taka ba, ko okada ba ya shigowa."

Na kira Alhaji na faɗa masa. Ya ce, "Musa, wake ba ya tafiya a ƙauye. Buhu zai zauna, ƙwari su shige shi, a ce mun kai ruɓaɓɓe."

Ashe maiɗakinsa, Hajiya Rabi, tana kusa. Ita a cikin gida take sana'ar ƙuli-ƙuli da busasshen kifi. Ta karɓi wayar ta tambaye ni wane ganye ake samu a garin. Na zagaya bayan shagon, sai ga shingen duk zogale ne, ya yi kore shar. Na faɗa wa Hajiya, sannan na miƙa wa Iya wayar, suka shiga Yarabanci. Iya ta yi dariya, ta ce su magani suka ɗauke shi, ba abinci ba. Hajiya ta bi ta daki-daki: a tsinke, a dafa, a matse, a kwaɗa da ƙuli da albasa.

Da zan koma ƙauyen, Hajiya ta sa aka ƙulla wake a ƙananan ledoji, daidai girki ɗaya, ta haɗa da kifi da ƙuli. Alhaji ya ce, "To, a gwada." Kafin in sake zagayowa ba ko ƙulli ɗaya da ya rage. Sannu a hankali shagunan ƙauyukan maƙwabta ma suka fara tambaya, har ya zama sai na biya kasuwar Shasha na ɗauko musu albasa da tumatir.

Matar ɗan Iya ta sauka lafiya, an samu 'ya mace. Na ci tuwon sunan.

Abin da na koya ke nan: mutumin ƙauye abin da ya gani a shago shi zai ci, shagon kuma abin da muka sauke shi zai sayar. Saboda haka in kun je, kada ku ajiye kaya ku juya. Ku zauna, ku tambayi mai shago me mutanenta suka rasa.