Yatsan da Igiyar Rijiya Ta Cinye

A layin karɓar kuɗin tallafi a Dakoro akwai wata tsohuwa mai koɗaɗɗen lulluɓi, ta naɗe buhun da ba komi ciki a hammata. Ina jin daga nesa ta tako, don ƙafafunta sun yi futu-futu. Tana ɗora babban yatsa kan na'ura, na'urar tana ƙi. Jan igiyar rijiya ya cinye zanen yatsan, ya yi sulɓi kamar bayan ƙwarya. Ta lasa, ta goga a lulluɓi, ta sake ɗorawa.

"Inna, na'ura ba ta gane ki ba," in ji ma'aikacin da ke kula da na'urar.

"Ɗana, kai ai kana ganina." Ta miƙa mashi sauran yatsun. "Gwada waɗannan. Jikokina na baro gida, na ce masu su ɗora tukunya."