Rubutu Cikin Fura

Ni ba mai fita ba ce. Maƙwabtana a Gawon Nama sun sani, in ba suna ko rasuwa ba, ƙafata ba ta tsallake zaure. Amma saboda jikata, 'yar ɗana na fari, wadda nake kira ƙawata, sai da na yi mako uku ina kwana kan tabarma a asibiti.

Tana da shekara huɗu ƙyanda ta ratsa layinmu, gida bayan gida. Sauran yara suka warke. Ita kuwa sai dasashinta ya fara wari, kuncin hagu ya kumbura ya yi baƙi, kafin mako biyu naman ya zube. Mu muka ce ciwon iska ne, likita ya ce zaizayar baki. Allah ya bar mana ranta, amma aka bar ta da rami a kunci har ana hango haƙora, muƙamuƙinta kuma ya ƙage, ko yatsa ɗaya ba ya shiga. Da ƙaramin cokali nake ɗura mata kunu ta gefe.

Wasu mata masu bincike suka biyo mu har gida da takardu: me take ci kafin ciwon, an yi mata rigakafi, ruwan rijiya muke sha ko na famfo. Na amsa duka, har da abin da ba su tambaya ba. Su suka gaya mana akwai likitocin gyaran fuska da ke zuwa lokaci-lokaci, su yi 'yan kwanaki suna aiki su koma. Aka rubuta sunanta. Shekara biyu muna jira. Da kira ya zo uwarta na jego, jinya ta faɗo kaina.

Ranar Laraba da yamma nas ɗin ɗakinmu, wata doguwa mai saurin baki da kowa ke ce wa Sista, ta tsaya a kaina.

"Inna, gobe ɗiyarku za a hwara yi ma aiki. Daga isha'i kada ta ci komi, kada ta sha komi. Kin jiya?"

"Na jiya, Sista."

Kuma wallahi na ji. Kunnena ba ya ɓatan kai.

Da gari ya waye sai ga maigidana. Mahauci ne, ya biyo kan hanyarsa ta kwata da 'yar kwalba a aljihu. Rubutu ne limamin masallacinmu ya yi wa yarinyar, aka wanke allo aka tace.

"Ki tabbata ta shanye kahin a shiga da ita," ya ce, ya juya.

Haihuwa bakwai na yi, kowace da rubutu na shige ta. Ɗanmu bai taɓa bin motar shanu zuwa kudu ba sai ya sha. To yarinya za a kai ta gaban wuƙa, a ce ta tafi haka nan? Ko kaɗan zuciyata ba ta haɗa kwalbar nan da maganar Sista ba. Na ɗiga mata cokali ɗaya, ta yamutsa fuska, ɗacin tawada ya hana ta. Akwai ragowar furata a kwano. Na juye rubutun rabi a ciki, na dama, na ce, "Haba ƙawata, sha mu ga jarumta." Yunwa take ji, ta sha rabin kofi. Har daɗi na ji.

Wajen ƙarfe takwas muna kan benci a ƙofar ɗakin tiyata, an sa mata koriyar riga. Can gefe wani dattijo daga ƙauye yana yi wa Sista ƙorafi, don me ake horar da yara da yunwa. Ba da ni ake ba, amma na kasa kunne.

"Baba, ba mugunta ba ce," in ji ta. "In anka sa mutum barci, abin da ke cikinai na iya tasowa shi gangara huhu. Yaran ga kuwa bakinsu a kulle yake, ta ina za a kwashe? Kahin a ankara an rasa yaro."

Na dubi cikin yarinyar, na dubi hannuna, har da ɗan farin fura a bakin farcena.

Alhamis ce. Likitocin ran Asabar za su tafi, kuma na ji ana cewa jerin Jumma'a ya cika. In na faɗa, wataƙila a ce sai wani zuwan. Wata shida? Shekara? Yarinyar da ke rufe fuska da hijabin uwarta in baƙi sun shigo. Da wane baki zan gaya wa ɗana? Na ce a raina rabin kofi ne kawai. Na ce ai ayoyin Allah ne a ciki. Na ce babu wanda ya gan ni.

Aka turo gado. Sista ta ɗora ta, tana duba takarda.

"Ba ta sa komi a ciki ba ko, Inna?"

"A'a," na ce.

Har yau in na tuna wannan a'a ɗin sai na yi istigfari. Aka tura gadon. Ƙawata ta juyo tana kallona ta saman kuncin nan, ba ta yi kuka ba. Ƙofa ta fara rufuwa. Ban san lokacin da na miƙe ba, takalmi ɗaya a ƙafa, ina kiran Sista kamar wadda gobara ta koro.

"Ta sha! Na ba ta!"

"Mi kinka ba ta?"

"Rubutu ne hwa."

"Shi kaɗai?"

"Da 'yar hura."

Ta dafe kai ta yi salati. "Inna! Ke da ke jin raɗar ɗaki uku, wannan ɗaya ce ta wuce ki? Ciki bai san allo ba, hura hura ce." Ta tambayi lokaci, ta tambayi yawan abin, ta shige ciki. Na tsaya jingine da bango ina jira.

Da ta fito ta ce likitan barci ya ce a mayar da ita ƙarshe, bayan la'asar. Amma in ayyukan gaba suka ja lokaci, shi ke nan, sai wani zuwan.

Wuni mafi tsawo a rayuwata ke nan. Yarinya na kukan yunwa, ni ma na ƙi sa komai a bakina. Da azahar maigida ya dawo, na gaya masa.

"Ni na ce ki sa hura?"

"Kai ka ce ta shanye!"

"To ke ba ki da baki ki ce an hana?"

Ya ga idona, ya zauna a ƙasa ya zaro carbi. Duk wanda aka turo daga ɗakin nan sai na dubi rana a bango. Aka kira la'asar, ba a kira mu ba. Inuwa ta kai gindin bishiyar dogon yaro, ba a kira mu ba.

Sai ga Sista. Ta miƙo hannu. "Ina sauran rubutun?" Na ba ta a tsorace. Ta tsiyaya a tafinta ta shafa wa yarinyar a kai da ƙirji. "Haka ma yana isa. Ku taho."

Bayan magariba aka fito da ita, kai duk bandeji. An saki muƙamuƙin, an yanko fata daga ƙasan wuyanta an rufe ramin. Tana numfashi. Na sa kunnena a kan hancinta har sai da Sista ta janye ni.

Yanzu yatsa uku ke shiga bakinta, kakanta na yayyanka mata balangu ƙanana tana tauna. Saura aiki ɗaya na gefen leɓe, muna jiran kira. Na riga na gaya wa maigida, rubutun wannan karon ya kawo shi tun ana saura kwana biyu.