Soson da Gwaggo ta wanke

Wata Juma'a a daminar 1998, Baba ya dawo gidanmu na Gusau da akwatin gilashi a bayan mota. A ciki akwai ƙaramin inji mai soso, wanda ke zuƙar ruwa ya tace ya mayar. Ya ce wanda ya sayar masa a Kano ya gargaɗe shi: a cika ruwa, a bar injin yana aiki na makonni ba kifi, ana barbaɗa ɗan abinci, har soson ya yi duhu. Wannan duhun, in ji shi, ƙananan halittu ne da ke cinye gubar kashin kifi. "Kada ka kuskura ka wanke shi," Baba ya ce mini. "Amanarka ce."

Ina aji biyar a firamare, ba a taɓa ba ni amanar komai ba sai ɗaurin akuya. Na riƙe ta da gaske. Idan an ɗauke wuta, sai in zauna da moɗa ina kwarara ruwan akwatin a kan soson don kada abin da ke cikinsa ya mutu, abokaina suna langa a ƙofar gida. Sukan leƙo falo su ga ruwa zalla, su fita suna kirana mai kiwon iska. Da soson ya yi kalar ƙasa, Baba ya kawo 'yan kifaye jajaye, masu dariya suka koma roƙon a bar su su kalla.

Ana haka Gwaggo Hajo ta zo daga Nahuce. Yayar Baba ce, ita ta goya shi, mace mai tsabta wadda ko randar wani ba ta iya gani da gansakuka. Na dawo daga makaranta na tarar da soson fari fat a kan igiyar shanya, yana ƙamshin sabulu. Ta zubar da ruwan, ta cika sabo daga famfo, ta jefa alam kamar yadda take yi wa ruwan rafi.

"Wagga dauɗa ku ka aje ma dabba?" ta ce mini. "Ku 'yan birni ba ku da tausai."

Kafin la'asar kifayen sun taso sama suna haki. Baba ya shigo, ya dubi akwatin, ya dubi igiyar. Na ga ya fahimta sarai. Ya rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Yaya." Sannan ya juyo gare ni a gabanta: "Kai ka bar abu ya ƙazantu har baƙuwa ta sha wahala." Na buɗe baki, ya ɗaga mini yatsa. Cikin 'yan kwanaki na kwashe matattun kifayen ɗaya bayan ɗaya na binne a gindin zogale. Da Gwaggo za ta koma, aka ɗora mata akwatin a mota, a can Nahuce ta riƙa zuba busasshiyar kuɓewa a ciki.

Na girma na gane cewa ƙane ba ya gyara wa wadda ta goya shi, kuma laifin dole ya sauka a kan wani. Amma na jira Baba ya kira ni gefe ya ce ya san ba laifina ba ne. Har ya rasu bai kira ni ba.

Yau ina da nawa akwatin, sosonsa baƙi, kifayensa lafiya lau, 'ya'yana ke kula da shi. Idan wani abu ya lalace, nakan tambaye su abin da ya faru, in tsaya in ji amsar.